Darasin Ƙofar Mata: Filin Ƙwallo, Sahun Masallaci Da Dokar Annoba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jarraba bayinSa da tsanani da sauƙi, Wanda cuta da waraka duk suke hannunSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wataƙila wani zai yi mamakin ganin maganar ƙwallon ƙafa a shafin da ya saba karanta bayanin tauhidi da fiƙihu da tarbiyya a cikinsa. To, dalili shi ne, duk abin da zai tara dubban samarin birnin Kano wuri guda, ya ci lokacinsu da kuɗinsu, ya sa su farin ciki ya sa su baƙin ciki, har ya kai su ga ɗaga hannu a kan 'yan'uwansu Musulmi, bai halatta mai da'awa ya kau da kai daga gare shi ba. Annobar korona da ta afka wa duniya a 2020 ta rufe masallatai da makarantu da kasuwanni da filayen wasa a lokaci guda, daga baya aka riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya bisa sharuɗɗa, kuma a wajen wannan buɗewa ne halin kowane taro ya fito fili. A ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar ta daina zama lamarin gaggawa na duniya. Tun da ƙura ta lafa, lokaci ya yi da al'umma za ta zauna ta yi bitar abin da ya gudana, domin annoba baƙuwa ce mai dawowa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya faru

Wanda ya san Kano ya san abin da Ƙofar Mata ta tara. Ga tsohuwar marina da ta yi ɗaruruwan shekaru ana rini a cikinta, ga Asibitin Murtala, ga filin Idi inda Sarki da talakawa suke haɗuwa sau biyu a shekara, ga kuma filin wasa na Sani Abacha, gidan ƙungiyar Kano Pillars da aka kafa a 1990, wadda magoya bayanta suke yi wa kirari da Sai Masu Gida. Filin ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na kofin nahiyar Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ƙungiyar kuwa ta ci gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma ta ɗauki kofin ƙalubale a 2019. Ranar da take wasa a gida, tun azahar samari suke kwararowa daga Yakasai da Zage da Koki da Mandawari da Dala da Gwale, ban da na Fagge da sauran unguwannin waje.

An tabbatar da ɓullar cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas. A watan Maris hukumar da take shirya gasar ƙasa a wancan lokaci, wato LMC, ta dakatar da wasanni, kuma kakar ba ta ƙarasa ba. Ranar 11 ga Afrilu aka sami mutum na farko da ya kamu a Kano, ranar 16 ga wata gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sa dokar kulle, ranar 27 ga wata kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara ta da mako biyu. Haka aka shiga azumin 1441 babu Juma'a, babu tarawihi a masallaci, babu tafsiri a bainar jama'a. A waɗannan makonni ne masu haƙar kabari a Ɗandolo da sauran maƙabartu suka ga yawan gawarwakin da ba su saba gani ba. A cikin kwanakin Kano ta yi rashin manyan mutane irin su Farfesa Ibrahim Ayagi da Farfesa Balarabe Maikaba, a farkon Mayu kuma Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila ya rasu, Allah Ya jiƙansu da rahama. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana sakamakon binciken da aka yi, cewa an lissafa mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, kuma ana kyautata zaton kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da cutar, akasarinsu dattawa ne masu fama da wata rashin lafiyar tun da farko.

Shi kansa filin wasan an mayar da shi wurin da aka tanada domin killace masu cutar, Gidauniyar Aliko Ɗangote ta kafa tantuna ta jera gadaje a cikinsa. Wurin da aka saba jin ganga da sowa ya koma wurin da aka shirya domin jinya. Wannan kaɗai ya isa wa'azi ga mai hankali. Da aka buɗe sabuwar kaka ranar 27 ga Disamba 2020, sharaɗin shi ne a buga wasa babu 'yan kallo, Pillars kuma ta koma buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna.

To, sai aka zo wajen komawar 'yan kallo. A watan Afrilu 2021 Ahmed Musa, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasa, ya dawo Pillars, sha'awar kallo ta ƙaru. A watan Yuni na shekarar, a wasan da ƙungiyar ta karɓi Akwa United a Kaduna, jama'a suka cika wurin ba tare da kula da dokar annoba ba. Da aka soke ƙwallon da Pillars ta zura kusa da tashi, sai aka kutsa cikin fili, wasa ya tsaya, sai washegari aka ƙarasa shi. Hukuma ta ci ƙungiyar tara, kuma karya ƙa'idar korona yana cikin laifuffukan da aka lissafa mata.

Abin da ya fi muni yana gaba. Bayan fiye da shekara guda ana zaman baƙunta a Kaduna, aka yarda Pillars ta dawo Ƙofar Mata ranar 16 ga Afrilu 2022, domin ta kara da Katsina United. Ya ɗan'uwa mai karatu, duba kalandarka: wannan rana tsakiyar watan Ramalana ce ta shekarar 1443. Wasan bai kai ƙarshe ba, aka auka cikin fili, aka farfasa motar da ta ɗauko 'yan wasan Katsina. Aka ci ƙungiyar tarar naira miliyan 9, aka zabtare mata maki 3, aka kore ta zuwa Abuja. A ƙarshen kakar, Kano Pillars da Katsina United duk suka faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 suka dawo tare. Wanda aka yi faɗan dominsa bai tsira ba, wanda aka yi faɗan da shi ma bai tsira ba. Kuma cutar ba ta warke ba, domin a watan Oktoba 2025, bayan wasa da Shooting Stars ta Ibadan, an sake far wa alƙalan wasa a wannan fili, aka sake cin tara, aka sake zabtare maki, aka sake rufe filin.

Dalilin dokar tazara

Akwai waɗanda har yau suke ganin dokar ba da tazara da sa takunkumi wani zalunci ne da aka ƙirƙiro domin a takura wa talaka. Ya kamata a fahimci yadda abin yake. Cutar tana bin numfashi ne, tana fita tare da ɗigon yawu da tururin baki, kuma mai ihu ko waƙa yana fitar da abin da ya ninka na mai shiru. Saboda haka aka ce a bar kimanin mita biyu tsakanin mutum da mutum, a rufe baki da hanci, a wanke hannu. Sarari mai iska ya fi ɗaki sauƙin haɗari, don haka haɗarin filin wasa ya fi yawa a bakin ƙofa inda ake turereniya, da cikin motar da aka cusa mutane, da kuma gidan kallon ƙwallo na kwano wanda ba taga, inda samari ɗari suke ihu cikin zafi.

Turawa ma sun ɗanɗana. Ranar 19 ga Fabrairu 2020 kimanin mutum 40,000 suka tashi daga yankin Bergamo na Italiya zuwa Milan domin kallon wasan Atalanta da Valencia, bayan 'yan makonni Bergamo ta zama ɗaya daga cikin wuraren da cutar ta fi yi wa ɓarna a Turai, har likitocin yankin suka riƙa danganta saurin yaɗuwarta da wannan taro. Shi ya sa da Jamus ta koma wasa a watan Mayu 2020, Ingila a watan Yuni, duk ba 'yan kallo suka fara. A watan Disamba Ingila ta bar 'yan kallo 2,000 kacal a wasu filayen da suke ɗaukar dubu hamsin, a watan Mayu 2021 aka ƙara zuwa 10,000.

A nan Kano kuwa, lamarin yana da wata fuska da ya kamata kowane saurayi ya duba. Gidajen cikin birni gidajen gandu ne, kaka da ɗa da jika duk zaure ɗaya suke bi, kwano ɗaya suke sa hannu, lungu kuma ba ya wuce mutum biyu su gitta. Saurayi mai jini a jika yana iya ɗaukar cutar bai ma sani ba, ko ya yi 'yar mura kwana biyu ya miƙe. Amma tsohon da zai tarar a zaure, mai hawan jini ko ciwon sukari, shi ne zai biya kuɗin kallon da bai je ba. Bayanin Ministan ya nuna su wane ne suka fi mutuwa. To, ina biyayyar iyaye ga wanda zai sayo wa mahaifinsa ajali da kuɗin tikiti?

Abin da Shari'a ta koyar

Musulmi ba ya bukatar wani ya zo daga Turai ya koya masa yadda ake zama da annoba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shiga ƙasar da annoba ta ɓulla, ya kuma hana wanda yake cikinta fita domin gudu. Ya tabbata cewa da tawagar Saƙifawa ta zo da wani mai kuturta a cikinta, ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma, ba tare da an yi musafaha ba. Ya umarci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa da ya nisanci masallaci don kada ya cutar da masu salla, ya kuma yi rangwamen a yi salla a gida a daren ruwa da sanyi. Idan warin albasa ya isa uzurin nisantar jam'i, yaya cutar da take kisa?

A zamanin Sayyidina Umar (R.A.) annobar Amwas ta auku a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira. Halifa ya taso zai shiga Sham, da ya isa Sargu aka ba shi labari, ya shawarci Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa, sannan ya yanke shawarar komawa. Da Abu Ubaida (R.A.) ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa komawar ma a cikin ƙaddarar Allah take, daga nan Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya zo ya tabbatar da hukuncin da abin da ya ji daga Annabi (S.A.W.). Annobar ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabalu da dubban Musulmi, har Amru ɗan Asi (R.A.) ya karɓi jagoranci ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, sannan Allah Ya ɗauke ta. Wannan warwatsuwa ita ce abin da aka zo ana kira ba da tazara bayan ƙarni goma sha huɗu. Riƙo da sababi yana cikin tawakkali, wanda ya bar shi da sunan imani bai fi Umar imani ba.

A kan wannan asasi ne malaman Haramaini suka yarda aka dakatar da Umara a watan Maris 2020, duniya ta ga filin ɗawafi fayau. Hajjin 2020 mutane ƙalilan mazauna Saudiyya suka yi shi, na 2021 mutum 60,000, kuma shekara biyu a jere babu alhajin da ya tashi daga Najeriya. An yi salla a Masallacin Harami da tazara a sahu har zuwa 17 ga Oktoba 2021. A gida kuma Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci ƙarƙashin Sarkin Musulmi ta yi kira a dakatar da tarukan tafsiri da tarawihi a azumin 2020. Ahlus Sunna su ne aka sani da haɗa kafaɗa da kafaɗa da ƙafa da ƙafa a sahu, har an sha yi musu gori a kan haka, amma da larura ta zo, masu ilimi daga cikinsu suka yarda a sassauta wannan sunna domin tsare rai, wanda yake ɗaya daga cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kare su. To, idan an haƙura da ɗawafi, an haƙura da Arfa, an haƙura da haɗa sahu, wane irin wajibi ne kallon ƙwallo da ba za a iya haƙura da shi ba?

Gaskiya ɗaya ce

Adalci ya wajaba ko a kan wanda ake ƙauna. Ba 'yan ƙwallo kaɗai suka karya doka ba. Akwai masu wa'azin da suka hau mumbari suna rantsuwa cewa babu cutar, yara suka ɗauki maganar suna rerawa a titi. Akwai masallatan da aka buɗe a watan Mayu 2020 bisa sharaɗin takunkumi da wanke hannu da gajarta huɗuba, amma ba a kiyaye ko ɗaya ba. A garin Kusada na Jihar Katsina, a ƙarshen Maris 2020, wasu matasa sun ƙona ofishin 'yan sanda saboda an hana taron Juma'a. Wanda ya ƙona ofis da sunan salla da wanda ya fasa mota da sunan ƙwallo cutarsu guda ce, wato zafin kai ba tare da ilimi ba, sai dai kowa da rigar da ya sa.

Hukumomi ma suna da nasu kason. A watan Yuni 2020 gwamnatin Kano ta yarda gidajen kallon ƙwallo su buɗe, daidai lokacin da aka koma wasa a Ingila, alhali makarantu suna rufe har zuwa watan Oktoba, in ban da 'yan ajin ƙarshe da suka koma domin jarrabawa. Subhanallahi! An buɗe wa yaro ƙofar kallon Arsenal da Manchester wata huɗu kafin a buɗe masa ƙofar aji. An kwashe almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu da sunan kariya, amma an yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano a watan Janairu 2021, tsakiyar dawowar cutar karo na biyu, kuma a daidai wannan lokaci jama'a suna cunkoso a ofisoshin rajistar katin ɗan ƙasa saboda wa'adin da gwamnatin tarayya ta sa. Talaka yana gani. Idan ya ga doka tana kama limami tana sakin ɗan siyasa, zai ɗauka cewa babu gaskiya a cikinta tun asali. Ga kuma tsohon tabo: mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda yara 11 suka mutu, kuma wannan yana cikin abin da ya jawo ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003. Amana idan ta karye, ɗinkinta yana ɗaukar shekaru. Amma duk da haka, laifin shugaba ba ya halatta wa talaka ya jefa kansa da iyayensa cikin halaka.

Haka kuma rashin tarbiyyar 'yan kallo ba a Kano ya tsaya ba. A wasan ƙarshe na kofin Turai a filin Wembley na Landan, ranar 11 ga Yuli 2021, kimanin mutum 2,000 marasa tikiti suka karya shinge suka shiga. A Yawunde ta Kamaru, ranar 24 ga Janairu 2022, mutum 8 suka mutu a turmutsutsun ƙofar filin Olembe, duk da cewa an ƙayyade yawan 'yan kallo saboda cutar. A Abuja, ranar 29 ga Maris 2022, da Ghana ta hana Najeriya zuwa gasar duniya, jama'a suka auka cikin filin Moshood Abiola suka yi ɓarna, hukumar FIFA ta ci ƙasar tara. Sai dai abin da wasu suka yi ba hujja ba ne ga Musulmi. Wanda yake da Alƙur'ani da Sunna, kuma yake cikin watan azumi, ba za a auna shi da ma'aunin wanda ya sha giya ya fito kallo ba.

Hukuncin wasan kansa

Kada a fahimci wannan bayani a matsayin haramta motsa jiki. Annabi (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha (R.A.), ya shirya sukuwar dawaki a Madina, ya bar Habashawa suka yi wasa da masu a masallacinsa ranar Idi. Asalin wasa halal ne matuƙar bai tozarta salla ba, bai bayyana tsiraici ba, babu caca a cikinsa, kuma bai haifar da gaba ba. A auna abin da yake gudana da waɗannan sharuɗɗa. An saba take wasa da ƙarfe huɗu na yamma, jama'a kuwa tun ƙarfe biyu suke kama wuri, ke nan la'asar tana riskarsu a kan benci, magariba kuma a cikin cunkoson fita. Shagunan cacar ƙwallo sun shiga unguwanni, har hukumar Hisba ta riƙa rufe su a 2024, kuma yanzu cacar ta koma cikin waya, inda babu mai gani sai Allah. Wanda ya zuba kuɗin cefane a kan wasa, idan alƙali ya busa abin da bai so ba, me zai hana shi ɗaukar dutse?

Mafi haɗari duka ita ce asabiyya. A wata tafiya ta yaƙi, da wani Bamuhajire da wani Ba'ansare suka sami saɓani kowa ya kira mutanensa, Manzon Allah (S.A.W.) ya tsawata, ya danganta wannan kira ga jahiliyya, alhali sunayen biyu sunaye ne masu daraja. To, yaya kiran da aka gina a kan launin riga? Tarihi ya nuna Kano da Katsina sun daɗe suna yaƙi da juna kafin jihadi, har Sarkin Kano Kutumbi ya rasa ransa a dalilin yaƙin Katsina a 1648, kuma malamai ne suka shiga tsakani aka yi sulhu a zamanin Sarki Shekarau. Daga baya jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya haɗa garuruwan biyu ƙarƙashin tuta guda. Abin da malamai suka ɗinke da ilimi, mujahidai suka ƙarfafa da jininsu, shi ne za a zo a farke saboda fatar da aka hura wa iska?

Abin da ya kamata a yi

Zagi daga kan mumbari ba zai rage mutum ɗaya daga filin Ƙofar Mata ba. Waɗannan samari 'ya'yan Musulmi ne, da yawansu sun yi Islamiyya, kuma da asuba a bayan limamanmu suke salla. Saurayin da ba aiki, ba makaranta, filayen unguwarsu an yanka an sayar, kududdufai an cike an gina, badala an cinye ta, ina ake so ya kai ƙarfinsa? Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka.

Na farko, malamai da limamai su koyar da fiƙihun annoba tun ana zaune lafiya, a majalisin karatu da huɗuba da darasin Islamiyya, tare da likitoci Musulmi amintattu, domin ranar da abin ya zo a yi magana da murya ɗaya. Kakanninmu sun ga marisuwa a 1918, iyayenmu sun ga sanƙarau a 1996, mun ga korona a 2020, kuma a 2023 mashaƙo ya kashe yara da yawa, Kano ce kan gaba a yawan waɗanda suka kamu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, balle kuwa namu gemun ne ya sha kamawa.

Na biyu, hukumomi su sani cewa doka ba ta zama doka sai ta hau kan kowa. Idan larura ta sa a rufe, a fara da abin da ya fi ƙarancin amfani, idan za a buɗe a fara da masallaci da makaranta da wurin neman abinci, wasa ya biyo baya. Kuma kada a kulle talakan da sai ya fita yake samun na tuwo ba tare da an tanadar masa abin da zai ci ba.

Na uku, masu kula da filin wasa da shugabannin ƙungiya su tanadi wadataccen wurin alwala da salla, a sanar da lokacin la'asar da lasifika, a ƙayyade tikiti daidai da kujeru, a buɗe ƙofofi da yawa da wuri, a hana shiga da ƙwaya da makami. Wanda aka kama da ɓarna a hukunta shi shi kaɗai da sunansa, domin tarar da ake ci wa ƙungiya daga baitulmalin jiha take fita, ke nan marayu da gajiyayyu ne suke biyan kuɗin gilashin da wani ya fasa.

Na huɗu, 'yan'uwa masu da'awa da 'yan agaji su shiga cikin waɗannan samari. Ƙungiyoyin magoya baya suna da shugabanni, a ziyarce su, a girmama su, a yi musu nasiha cikin hikima. Makarantun Islamiyya su shirya wa ɗalibansu wasannin motsa jiki masu tsari, inda ake tsayawa idan an kira salla, ake suturta jiki, wanda aka ci ya miƙa wa wanda ya ci hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba bin liman, ba ya riga shi ruku'u ba ya riga shi sallama, an riga an koya masa bin doka sau biyar a yini, abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa wannan ladabi ba a bakin ƙofar masallaci yake ƙarewa ba.

Na biyar, iyaye su san inda 'ya'yansu suke yini, da inda suke samun kuɗin kallo, da abin da suke yi da wayoyinsu. Kowa makiyayi ne a gidansa, kuma za a tambaye shi.

Daga ƙarshe, ya kai saurayi mai ƙaunar Masu Gida, ba mu hana ka nishaɗin da Allah Ya halatta ba. Muna tunatar da kai ne cewa ranka amana ne, ran tsohon da yake gidanku amana ne, jinin baƙon da ya zo garinku da dukiyarsa da mutuncinsa haramun ne a kanka, ko daga Katsina ya zo ko daga Ibadan, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Mai gida na ƙwarai shi ne wanda baƙo yake kwana lafiya a gidansa. Ranar da za a tsaya gaban Allah ba za a tambaye ka ci nawa aka tashi ba, za a tambaye ka la'asar ɗin ranar, da ƙuruciyarka a me ka ƙarar da ita.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a wannan annoba, Ya sa ta zama kaffara a gare su, Ya kare birnin Kano da sauran garuruwan Musulmi daga annoba da fitina, Ya shiryi matasanmu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta.